Mutumin da Na Koya wa Tashin Jirgi

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Inuwa, Allah ya jiƙansa. Gara in faɗa da bakina kafin matata ta riga ni: wawan labarin nan ni ne.

Jinya ta kawo shi Bronx a Amurka, ya sauka wurin ɗansa a benenmu na unguwar University Heights. Dattijo ne mai sanda da tsohuwar hula. Kullum bayan la'asar, in na ajiye tasi, sai mu zauna benci ɗaya, ni da ilimina na aji huɗu ina wayar masa da kai. Na koya masa dokar Amurka. Na warware masa yadda ake zaman majalisa. In jirgi ya gifta, in gaya masa abin da ke riƙe shi a sama. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ikon Allah, Malam Tanko."

Ana nan 'yata Rakiya ta gama jami'a, ta ce sojan sama za ta shiga, jirgi za ta tuƙa. Na rantse in ta sa hannu a takardar, babu ni babu ita. Wata biyu ba na amsa gaisuwarta. Da dabara ta ƙare, na kai ta wurinsa ya tsorata mini ita.

Ya dube ta ya ce, "'Yata, yaya idonki, yana gani nesa?" Suka zarce da Turanci, aka bar ni baki buɗe. Ashe jirgin soja ya tuƙa a Najeriya, ya koma makaranta ya zama lauya, mutanen garinsu suka tura shi majalisa.

Da suka gama ya ce mini, "Tsoronka gaskiya ne, na binne abokai. Amma tafiya za ta yi. Da albarkarka ko babu, wannan kaɗai ya rage hannunka." Na sa albarka ina gunaguni.

Bai ga ranar da ta fara tashi ita kaɗai ba. Da yana nan, na san sandar zai jingine ya miƙe ya sara mata. Gadon da ya bar mini ke nan: 'yar da ke kirana duk Juma'a.

Ranar addu'ar bana na ce wa matarsa, Hajiya Laraba, abu ɗaya ban yafe masa ba, wata da watanni ya ɓoye mini ko shi wane ne.

Ta ce, "Malam Tanko, bai ɓoye maka komai ba. Jira yake ka yi shiru."