Wutar Baƙo da Tokarta

A ƙauyen Darini na girma, a gidan da ba a sayen ashana. In wuta ta mutu a murhu, sai a miƙa wa ɗayanmu fasasshen kasko ya je maƙwabta ya ɗebo garwashi. Kakarmu, Iya Tambai, ita ke riƙe da wutar gidan. Da an idar da magariba sai ta zauna gindin murhu tana gasa mana gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take tsokana da "maigidana marar ko akuya".

Lokacin ina aji shida na firamare, kaina ya kumbura da boko. Ran nan Iya ta ce, "To, ga ta nan tafe." Muka ce, "Ta iso mu ji ta."

Wai akwai wani gari da damina ke kashe wa wuta, itace ya jiƙe, yara su kwana ba tuwo. Sai wani baƙo ya zo daga bayan teku da tukunyar ƙarfe, a cikinta da wutar da ba ta mutuwa. Ya girka ta a tsakiyar gari. Mata suka huta da yawon itace, maƙera suka yi ta ƙira, mai naƙuda ta haihu cikin haske. Sharaɗinsa biyu ne: shi kaɗai zai riƙa buɗe tukunyar, tokarta kuma a binne ta da nisa.

"To kun san mutanenmu," in ji Iya. "Wa ya taɓa binne toka? Toka ai taki ce!"

Wata mata ta cika kwando ta kai gona, kamar yadda ta ga uwarta na yi. Gero ya ƙi tsirowa, rijiyar kusa ta yi ɗaci. Ana cikin haka baƙon ya ce zai je ganin gida, ya tafi da mabuɗin tukunya. Da aka duba, ashe ba sauran mai iya ƙyasta wuta a garin. Aka taru ƙofar maigari. Wasu suka ce a haƙa rami a jefa tukunyar, wasu suka ce wa zai koma duhu?

A nan na buɗe bakin nan nawa. "Iya, ƙarya ce. Malaminmu ya ce babu wutar da ba ta mutuwa."

Ta daɗe tana kallona. "Ashe maigidana ya zama malam. To, malam, ƙarasa musu." Ta kakkaɓe zane ta shiga ɗaki. 'Yan'uwana suka yi ta rankwashina, wallahi kuwa na cancanta. Ba ta sake ɗauko tatsuniyar ba, ni kuma girman kai ya hana ni roƙo. Ta rasu a Batsari, a ɗakin aro, bayan 'yan bindiga sun tashe mu daga gida.

Yanzu ina koyar da kimiyya a Safana. Fetur ya gagari mai inji, lantarki kuwa sai mu yi makonni ba mu gan shi ba. Da fitilar waya aka karɓi haihuwar autarmu. Da aka fara maganar cewa mutanen ƙasashen waje za su iya gina mana tashar lantarki ta nukiliya, zuciyata ta yi tsalle, ba zan ɓoye ba.

Wata ɗalibata, Hafsatu, ta ɗaga hannu a aji. "Malam, wannan tashar alheri ce ko masifa?"

Na ce ba ta hayaƙi, ba ruwanta da rana ko damina, za ta iya jawo ruwan noman rani ta sanyaya magani a asibiti. Na ce amma sharar da take bari tana da guba har bayan tattaɓa-kunnenmu, kuma mu da ba mu iya tsare hanyar garin Runka daga 'yan bindiga ba, wa zai tsare ta? Makamashinta da masu gyaranta ma daga wajen maginan za su riƙa zuwa.

"Duk mun ji, Malam. Kai me ka zaɓa?"

Sai na ajiye alli na ba su tatsuniyar Iya, har zuwa taron ƙofar maigari.

"Sai suka yi yaya?" in ji Hafsatu.

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni a gaban ɗalibaina. Na ce, "Ban sani ba, 'yata. Wadda ta sani tana cikin faɗa mana, ni na katse ta."