Durƙuson Datti a Kilomita na Sha Bakwai

Duk wanda ya saba bin hanyar Ɗandamisa da sassafe ya san Datti mai mazarƙwaila, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan siriri kamar karan rake, wanda ake gani yana zuba gudu a gefen titi, ba kowa a bayansa. Shekara ashirin ke nan yana tsaye kan tukunyar dafa ruwan rake. Matarsa Uwaliya, 'ya'yansu huɗu, kuma ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Gudun ya samo asali ne tun yana yaro. Gonar mahaifinsa na da nisa, tafiya a hankali kuma tana ƙona masa rai, sai ya riƙa zuwa a guje. Ya girma bai daina ba. Mutanen garin kuwa a wurinsu magidanci ba ya gudu sai gobara, ko ɓarawo, ko mutuwa. Kullum sai an tare shi da "Lafiya dai, Datti?" Masu babur su tsaya su ce ya hau su rage masa hanya. Shi kuma ya tsaya ya yi godiya, ya ce lafiya lau.

Malam Hafizu, malamin wasanni a wata sakandare a Maƙarfi, shi ne mutum na farko da ya ga gudun bai tambayi lafiya ba. Ya bi shi a babur yana duba agogon wayarsa, sannan ya ba shi labari. Wata ƙungiyar 'yan kasuwa za ta shirya gudun kilomita ashirin da ɗaya, a tashi daga Maƙarfi a zaga ta Ɗandamisa a dawo. Wannan share fage ne. Duk wanda ya gama cikin awa ɗaya da rabi, kuma bai cika shekara arba'in ba, ƙungiyar za ta kai shi Legas babban gudun famfalaki na kilomita arba'in da biyu. Datti zai cika arba'in da faɗuwar damina. Dama ɗaya ce tak, ba ta biyu.

Wata biyar suna atisaye. Ran nan Malam Hafizu ya kashe babur ya ce, "Datti, ba numfashi ke cin lokacinka ba, gaisuwa ce. Yau sau goma sha ɗaya ka tsaya."

"To Malam, in wuce dattijo kamar ban gan shi ba?"

Uwaliya ce ta samo mafita. Ta ce ya bi manyan gari gida gida ana gobe gudun, ya kai musu gaisuwar gobe tun yau, ya nemi uzuri. Haka ya yi. Mai unguwa ya yi dariya har da tafa hannu. Liman ya sa masa albarka. Da ya isa zauren surukinsa, Malam Mu'awiyya, mahaifin Uwaliya, tsohon ya saurare shi yana jan carbi, ya ce, "Allah ya kai mu." Dama ya sha faɗa a majalisa cewa shi mutum ya bai wa 'yarsa, ba doki ba.

Ranar gudu Datti ya tashi kamar an saki tsuntsu. Samarin da ya girme wa da shekara goma sha biyar ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana wucewa. Da suka shigo Ɗandamisa, kilomita na sha bakwai, Malam Hafizu ya ɗaga murya daga kan babur: "Kana da rarar minti biyu! Kada ka sassauta!"

Sai ga Malam Mu'awiyya a bakin titi, kan tabarma, da dattawa uku a gefensa. Mutumin da ba ya leƙo waje sai hantsi ya dubi ludayi, yau shi ne ya yi sammako.

"Datti!"

Datti ya rage gudu, ya sunkuya. "Ina kwana, Baba."

"Ni kake gaisarwa a tsaye? Da takalmi a ƙafarka?"

Ga jama'a cike da titi. Datti ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi. Ya san abin da zai biyo baya in ya wuce: za a ce mijin Uwaliya ya take ubanta ya wuce saboda wasan banza, kuma ita za a riƙa nunawa a gidan biki. Ya tsaya. Ya kwance igiyar takalmin, ya tuɓe, ya durƙusa.

Tsohon kuwa sai ya gyara zama. "An tashi lafiya? Ina gajiya? Ya iyali? Ya Uwaliya? Ya mai sunana? Rashida ta warke daga murar?" Jiya da la'asar fa tsohon ya ga jikar tasa Rashida da idonsa tana wasa a ƙofar gidansa! Sai da ya tambayi rake, ya tambayi itacen dahuwa, sannan ya nuna dattawan gefensa ya ce, "Ba ka gaida su Alhaji Lado ba." Masu gudu suna ta wucewa ta bayan Datti. Yana jin takunsu, yana amsawa, "Lafiya lau, Baba. Alhamdu lillahi, Baba," zuciyarsa kamar ta tsage.

An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Wanda ya faɗi haka bai taɓa durƙusawa bayan kilomita sha bakwai ba. Da Datti ya miƙe, ƙafafun sun sandare, sai da ya yi ɗingishi kafin su saki. Ya yi ta maza, ya zuba duk abin da ya rage a jikinsa. Ya isa a awa ɗaya da minti talatin da sakan arba'in.

Malam Hafizu ya roƙi alƙalan gudun har muryarsa ta dushe. Suka ce agogo bai san suruki ba, kuma gaskiyarsu ce.

Abin da ya fi ciwo shi ne yabon. Gari ya ɗauka: Datti ɗan halak ne, Datti ya san girman manya. Malam Mu'awiyya ya samu labarin bayarwa. Kowane baƙo ya zo sai ya ji yadda kira ɗaya ya tsayar da surukinsa a tsakiyar tsere, har da tuɓe takalmi. Ba wanda ya buɗe baki ya ce, Malam, ai ya zo har zaurenka jiya ya durƙusa. Ba wanda ya ce abin da aka yi mugunta ce, aka lulluɓe ta da rigar ladabi. Uwaliya kaɗai ta yi kuka, ta yi sati uku ba ta taka gidansu ba, aka kuwa ce ita ce marar kunya.

Datti ya koma bakin aikinsa. Yana nan kan tukunyarsa, yana gudunsa, sai dai yanzu ta cikin gonakin rake yake bi, inda babu wanda zai gaisar.

Ranar da za a tafi Legas yana bakin titi da damin rake a ka, motar ƙungiyar ta taho ɗauke da mutum tara. Malam Mu'awiyya na zaune kan tabarmarsa, ya ɗaga musu hannu. Motar ta wuce ko rage gudu ba ta yi ba, ba kuma wanda ya ce direban ba shi da tarbiyya. Datti ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya sauke damin, ya tuɓe silifa, ya je gaban tsohon ya durƙusa.