Kasmiran, Sarkin Santambul na Surabaya

Haihuwa

An haifi Kasmiran a shekarar 1903 a birnin Surabaya, a wani tsibiri can gabas mai nisa. Mahaifiyarsa Warsinah mawaƙiya ce a irin wasan kwaikwayon nan na manyan birane da ake biya a shiga, wanda ake kira Stambul. Mahaifinsa kuwa, a faɗarta, wani Baturke ne daga Santambul da ya kawo wasan ƙasar, ya koma gida tun kafin suna, bai bar komai ba sai jar dara guda.

Karatu da sana'a

Ya ɗan taɓa karatun Alƙur'ani a masallacin unguwa, sannan a 1921 ya hau dandali, aka ba shi matsayin sarki albarkacin tsawon hancinsa. Duk wanda ya tambaye shi ma'anar Stambul, sai ya dafa darar ya ce sunan garin ubansa ne, a can aka ƙago wasan. Babu mai musu, don babu wanda ya taɓa zuwa.

Aure

A 1928 ya auri Ngatirah, mai ɗinka musu tufafin wasa, ya kuma raɗa wa 'ya'yansa maza sunayen sarakunan Turkawa.

Hajji

A 1955 Allah ya nufe shi da aikin Hajji. A Mina ya nemi tafinta ya shiga tantin Turkawa neman dangi, har ya rera musu waƙar buɗe labule. Suka saurara cikin ladabi, suka ba shi shayi, suka ce ba su taɓa jin wasan ba. Dara kuwa, tuni aka hana sa ta a ƙasarsu. Ya dawo gida kansa a ɗaure.

Ya tafi wurin Mbok Sarpin, ƙawar marigayiya mahaifiyarsa, ya kwashe labarin ya gaya mata. Tsohuwar ta yi dariya har da tari.

"Haba ɗan nan! Labaran sarakunan Santambul muke yi, shi ya sa ake ce wa wasan Stambul. Wanda duk ya sa jar dara a wasan, Baturke muke kiransa. Mutum uku ke karɓa-karɓar wannan darar taka, biyu 'yan tsibirin Madura, ɗaya ɗan garin Gresik, duk 'yan ƙasar nan."

Ya tambaye ta wanne ne ubansa a cikinsu. Ta ce wannan kam Warsinah ta tafi da saninsa.

Ƙarshen rayuwa

Daga nan bai ƙara sa darar ba, bai kuma iya jefar da ita ba. Masu nazari kan zo tambayarsa asalin kalmar Stambul, ya fara bayani, ya tsaya a tsakiya, ya ce a kawo musu gahawa.

Rasuwa

Ya rasu a 1968, aka yi jana'izarsa a maƙabartar unguwarsu. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Murad, Salim, Bayazid da Sumirah. Darar tana hannun Murad, wanda har gobe yake nuna wa jikoki ita a matsayin hular kakansu Baturke.