Ranar da Innata Ta Rungumi 'Yar Maƙwabta

Ko zan tsufa har in riƙa neman ɗankwalina yana bisa kaina, ba zan manta da fim ɗin da aka yi da Innata ba, fim ɗin da ya kusa sa in tattara kayana in koma daji bin shanu.

Lokacin ina ƙaramar sakandare, kuma duk unguwarmu ta Yelwa ba wanda bai san bakina ba. Ni ce mai kwaikwayon tafiyar malamin lissafi. Ni ce na shawo kan 'yan ajinmu cewa tabon da ke idon sawuna na hagu kada ne ya cafke ni a rafi, na naushe shi ya saki. Inna kuwa fura da nono take sayarwa kusa da ƙofar jami'a, mace mai tsare gida, kuma ni ce 'yarta ta fari. Wanda ya tashi a gidan Fulani ya san abin da hakan ke nufi. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Sunana a wurinta “ke”, ko “waccan”, ranar da take cikin nishaɗi kuma “mai bakin nan”. Ƙannena takan shafa kansu, ta yi musu kirari. Ni kuwa ko na zo ta ɗaya a aji, iyakar abin da zan ji shi ne, “To, a je a wanke ƙwarya.” Kaka, mahaifiyar Baba, ta sha gaya min alkunya ce, ita ma haka ta yi wa ɗanta na fari. Ni dai a raina nakan ce alkunyar da ba ta hutu ai ƙiyayya ce ta yafa mayafi.

Ana nan sai wasu ɗaliban jami'a masu shan fura a wurinta suka tashi yin fim na kammala karatu. Labarin wata mata ce 'yar ƙauye, wadda wani kamfanin sarrafa fata yake zubar da dagwalonsa a rafinsu. Shanu suka yi ta mutuwa, 'yarta ta sha ruwan ta kwanta, ita kuma ta ɗaure zani ta maka kamfanin a kotu. Sun gwada 'yan mata iri-iri ba su sami wadda ta dace ba. Rannan daraktan, wani dogo mai gemun akuya, yana tsaye da kofin fura, sai ya ga Inna ta tare wani mai wankin mota da ya sako ruwan kumfa ta gaban ƙwaryarta. Ko murya ba ta ɗaga ba, amma sai da mutumin ya ɗauki tsintsiya da kansa ya juya ruwan. Nan take darakta ya ce ga matar da suke nema. Bayan ɗaliban sun yi wa Baba sintiri har takalmansu sun siɗe, ya yarda, bisa sharaɗin ba rawa ba waƙa.

Saura wadda za ta fito a matsayin 'yar. Wannan kam ban ma ɗauka abin tambaya ba ne. Uwa tawa, kama tawa, baki nawa. Na shiga koyon suma a tsakar gida safe da yamma, har kaji suka saba suna tsallake ni. A ƙasan zuciyata kuma akwai abin da ban gaya wa kowa ba: na ji an ce a fim ɗin uwar za ta rungumi yarinyar ta kira ta “'yata”. Na ce to, abin da ban samu a gida ba, kyamara za ta ƙwato min.

Ranar gwaji aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu. Na kwanta, na juya idanu, na saki harshe gefe guda. Inna ta zo ta tsaya a kaina, ta zuba wa bango ido, ta ce, “Ke, tashi.”

Darakta ya ce, “Inna, durƙusawa za ki yi ki rungume ta, ki ce, 'yata, buɗe ido ki dube ni.”

Ta ja mayafi ta rufe baki. “Wannan ɗin? A gaban mutane?”

Kaka tana bakin ƙofarta tana dariya har da tari. Ta ce, “Kai yaro, a kan bishiya ka girma? 'Yar fari ce fa. Ko za ka shekara kana roƙo, ko yatsanta ba za ta taɓa ba.”

A bakin zaure kuwa ƙawata ce tsaye tana kallo, 'yar mai kemis ɗin layinmu. Iyayenta daga kudu suka zo, amma ita a Bauchi aka haife ta, Hausa a bakinta har da karin magana. Darakta ya ce ta zo ta kwanta a gani. Ta kwanta kamar buhun masara, ko juya ido ba ta iya ba. Sai ga Innata, Innar da na sani, ta zube a gwiwa, ta ɗago kan yarinyar nan ta manna a ƙirji, ta ce, “'Yata, buɗe ido ki dube ni,” da wata murya da ban san ana ajiye irinta a gidanmu ba.

Na tashi daga inda aka ture ni na kaɗe zanina. Da a ce kishi yana hayaƙi, da 'yan kwana-kwana sun zo layinmu a ranar.

A ƙauyen Zungur aka ɗauki wuraren rafi. Rigata ta Fulani, wadda aka ɗinka min da Sallah, ita aka sa wa ƙawata. Ni aka ba ni aikin riƙe jarkar ruwan rini da ake tsiyayawa a kwalba a matsayin gubar kamfani. Ina tsaye hannu shuɗi kamar na marina, ina kallon Inna ta goya ƙatuwar yarinya, ƙafafu na reto, tana sauri da ita a kan hanyar ƙasa. Aka maimaita, aka sake maimaitawa. In an tsaya hutu har fifita take yi mata da faifai.

Ƙawata ta zo tana murmushi ta ce, “Innarki akwai daɗin goyo, wallahi. Sai dai ta cika lalube min ƙafa, cakulkuli nake ji.”

Na ce, “Riƙe ta, na bar miki. Ni ma zan koma wurin mamanki, in riƙa shan maganin tari da safe a madadin koko.”

“Ke fa ba ki da lafiya.”

“Ai ke ce mara lafiyar, har da goyo.”

Daga nan na daina yi mata magana. In ta biyo ta layinmu sai in kama hira da akuya.

Kotun kuwa wani ɗakin karatu ne a jami'a aka jera wa benci. Alƙali ɗalibi ne da aka ɗora wa auduga a ka, lauyan kamfani kuma ya aro kwat da ta fi shi girma. Ni aka sa ni cikin mutanen ƙauye masu sauraro, aka ce mu riƙa ɗan tari jefi-jefi don a ga ruwan ya taɓa kowa. Na ce yau za a san akwai 'yar wasa a ɗakin nan. Na yi tarin da sai da mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa ya dafe kai.

Darakta ya ce, “Ƙanwata, tari aka ce, ba fitar rai ba.” Aka mayar da ni bencin ƙarshe, jikin bango.

Aka zo wurin da lauyan kamfani zai tsare Inna da tambaya, ita kuma ta amsa cikin kuka. Kukan ya ƙi zuwa. Aka kawo albasa, matar da kullum take yanka albasa, ko gezau. Kaka, da ta biyo mu don kada a yi ba ita, ta ce a gwada barkono. Da darakta ya gaji sai ya ce, “Inna, manta da abin da muka koya miki. Amsa masa yadda uwa za ta amsa.”

Lauyan ya gyara kwat ya ce, “Malama, ke likita ce da za ki ce ruwan ne ya kwantar da 'yarki?”

Inna ba ta dubi lauyan ba, ba ta dubi ƙawata da ke zaune a bencin gaba ba. Bango ta zuba wa ido kamar yadda ta saba, bangon da ke saman kaina.

Ta ce, “Ni ba likita ba ce. Amma ni na ɗebo ruwan, ni na ba ta da hannuna. Da hantsi tana wasa, kafin azahar ta koma kamar tsumma. Na goya ta na kama hanyar gari, ba mota, ina tafiya ina taɓa ƙafarta in ji ko da sauran ɗumi. A asibiti aka nemi jijiya a hannu aka rasa, sai idon sawunta na hagu suka tsaga suka sa mata ruwa. Tabon yana nan. Har yau in ta wuce ni ba takalmi sai na dube shi. Ba ta sani ba.”

Hawaye suna zuba, ba ta share ba. Alƙali ma bai san auduga ta zame masa ba. Ni kuwa a hankali na sunkuyar da kai na dubi ƙafata ta hagu. Tarin da aka ce in yi, da na so yi a lokacin ma ba zai fito ba.

Da aka tsaya, darakta ya ce wannan magana ba su suka rubuta ba, amma ba zai taɓa ko kalma ɗaya ba. Matsalar kawai, dole a nuna tabon. Aka duba ƙafar ƙawata, sumul kamar ƙwai. Ana shawarar a zana mata da gazal, sai Kaka ta nuna ni da sanda ta ce, “Wahalar me kuke yi? Ga mai tabon can a jikin bango.”

Na ce a hankali, “Kaka, ba kada ba ne?”

“Kadan gidanku. Amai da gudawa ne, muna ruga, kina tatata, ruwan sama ya wanko ƙazanta cikin rijiya. Uwarki ta iso asibiti ƙafafunta na jini, ta hana kowa ya karɓe ki.”

Haka aka ɗora ƙafata a kan benci aka haska ta. Fitowata a fim ke nan, daga idon sawu zuwa yatsu. Ƙawata ce ta riƙe min takalmi. Ta sunkuyo ta ce, “Ashe ƙafarki take nema a jikina.” Na ce ta yi min shiru, amma tare muka hau keke muka koma gida, ina ba ta labarin yadda za ta riƙa juya ido in za ta suma nan gaba.

Da yamma na sami Inna tana dama fura. Na tsaya ina murza yatsu na ce, “Inna, maganar nan da kika yi a kotu…”

Ba ta ɗago ba. “Fim ne. Ke, matsa min daga haske.”

Na matsa. Can sai na ji ta ce wa ƙanena, “Kai wa waccan.” Ya kawo min ƙwarya cike da fura da kindirmo mai kauri, irin wanda take ɓoye wa manyan malaman jami'a.

A fim ɗin matar ta yi nasara, kotu ta sa kamfanin ya toshe bututunsa. Ranar da aka nuna shi a jami'a, da ƙafata ta cika allo, na miƙe na sanar da jama'a ko ta wace ce, Inna kuma ta ja mayafi ta rufe fuska. Har yau ba ta kira sunana ba, ni ma na bar jira. Abin da na koya shi ne mai kishi wanda aka runguma kawai yake gani, ba ya ganin wanda ake tunawa ana rungumar. Tun daga lokacin, in zan wuce ta gaban Inna, sai in cire takalmi, in rage sauri.