Ranar Mata a Silimar Likoni

Kakanmu Famau bin Lali da zanen gado ɗaya ya fara, da wani tsohon injin majigi da ya saya hannun wani Ba'indiye. A sito na kwakwa a Majengo ya kafa allonsa, 'yan kallo na zaune kan buhuna. Kafin ya yi furfura ya mallaki gidajen silima a Changamwe da Kisauni, da kuma Likoni a tsallaken ruwa. Bai taɓa neman tsakiyar Mombasa ba. Ya ce mai ɗaukar kaya a tashar jirgin ruwa ma yana da ido.

Abu ɗaya ya hana shi sakat: mahaifiyarsa, Bi Zuhura. Tun yana saurayi ta ce duk ɗan da ya ciyar da ita da abin da ba na halal ba, ta janye albarkarta. A lokacin kuwa malamai na ta sukar silima. Sai ya ce mata katako yake sayarwa, kuma duk gidan aka riƙe masa wannan zance shekara da shekaru. Matarsa kan tsokane shi: "Mai katako, yau wane icce aka haska?"

Ran Lahadi da la'asar ta mata ce zalla, kowace lulluɓe cikin baƙin mayafi, maza iyakarsu ƙofa. Wata Lahadi a Likoni fim ya tsinke ana tsaka da waƙa, inji ya ƙi tashi, mata suka hau buga benci. Dole Famau ya shiga gaban allo, kai a sunkuye, yana ba da haƙuri.

Daga layin gaba wata tsohuwa ta ce, "Famau, ɗaga murya mana. Haka na koya maka magana?"

Nan take ya gane muryar mahaifiyarsa. Ya durƙusa gabanta, da ƙyar ya ce, "Mama, ki yafe ni."

"Na me? Matsa, ka tare mini allo."

"Ashe kin sani?"

"Ɗan nan, katakon da ba ya barin ko gari a riga? Tun kana sito na sani. Jirgin fito nake hawa in zo nan don kada mu haɗu, ka ce tsohuwa ta zubar da girma, ka hana ni."

"To albarkar fa?"

"Wa ya ce ta tafi wani wuri? Cutar wani ka yi? Je ka gyara abinka, yarinyar fim ɗin nan tana cikin ruwan sama tun ɗazu, za ta kamu da mura."

Mata suka kwashe da dariya. Goggonmu, wadda ke wurin ran nan, ta ce ya fita yana share ido da hularsa, kuma da dare ya cinye shinkafar kwakwa kwano biyu, shi da ya daɗe ba ya gama ɗaya.