Malama Tukuna da Durowoyinta Shida

Ƙarfe bakwai da kwata na safe, in ka tsaya a ƙofar ɗakin karatun unguwa, za ka hango ta tafe, jaka a kafaɗar hagu, lema a hannun dama ko da babu alamar hadari. Tana shiga za ta buɗe tagogi takwas ɗaya bayan ɗaya, ta ƙyale ta tara saboda ƙarfenta ya yi tsatsa tun ba yau ba. Sai ta ɗauko tsumma ta goge babban kabad ɗin katako mai durowa sittin, inda katunan littattafai suke. Daga nan ta zauna ta feƙe fensir uku. Uku fa, ba biyu ba, ba huɗu ba. Shekara talatin da ɗaya ana haka, kuma ranar Juma'ar da ta wuce aka yi na ƙarshe, domin Malama Tukuna ta yi ritaya.

Wannan suna ba iyayenta ne suka raɗa mata ba. Masu zuwa karatu ne suka laƙaba mata shi, saboda kalmar "babu" ba ta fita daga bakinta. Ka tambaye ta abin da ba ta taɓa ji ba a duniya, sai ta ɗaga fensir ta ce, "Tukuna dai." Maigidanta, tsohon direban motar asibiti, ya ce a gida ma haka take. "In na ce ina tabarauna, sai ta ce tukuna dai, me ka karanta a ƙarshe, a ina ka zauna? Kafin in gama ba ta amsa, wallahi sai in ji shi a goshina."

Durowa hamsin da huɗu na sama na hukuma ne. Kowane kati an buga shi da tafireta: sunan littafi, sunan marubuci, lambar kanta. Wannan ya yi wa wanda ya san sunan abin da yake nema. To amma mutum nawa ne ke zuwa da sunan littafi a baki? Bakaniken da ke tsallaken titi da baƙin mai a hannu ya shigo ya ce, "Malama, mota ce ke tari da safe, in ta yi zafi ta daina." Tela ya zo ya ce hannun riga ne ke ɗaure wa mutane a hammata, har an fara guje masa. Wata tsohuwa ta ce jikarta ce ke juya haruffa in tana rubutu, ana ta dukanta a banza. Babu kati ɗaya na hukuma da aka rubuta "tari da safe" a kansa.

Nan Malama ta ɓullo da tata dabarar. In littafi ya tsufa ko ya ɓace, ana cire katinsa a soke shi da jan biro a jefar. Ita kuwa sai ta tsince, ta juya bayansa, ta rubuta tambayar mutum da fensir yadda ya faɗe ta, ba gyara. Ta sa kwanan wata, a ƙasa kuma ta rubuta inda aka samu amsa: kanta kaza, littafi kaza, shafi kaza. Waɗannan katuna ta jera su harafi-harafi a durowoyi shida na ƙasa, waɗanda sai mutum ya durƙusa yake kai hannu gare su, shi ya sa ba wanda ya damu da su. Ta shidan ita ce ta tambayoyin da ke jiran amsa. Ta tela wata bakwai ta yi a ciki. Ranar da wani littafin ɗinki ya zo cikin kwalin gudummawa, Malama ba ta jira ya zo ba, ita ta taka har shagonsa da littafin a jaka. Tela ya ce ya riga ya manta ya taɓa tambaya.

Ke ce, Malama, wadda gwiwoyinki suka san sanyin simintin nan fiye da tafin ƙafar kowa. Ke ce ba ki taɓa yi wa mai tambaya kallon jahili ba don bai san sunan ciwonsa a littafi ba. Uwar masu tambaya, sannu da durƙuso!

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Saura mako biyar ta ajiye aiki aka kawo kwamfuta. Murna wajen Malama ba a magana, don ta daɗe tana cewa katuna sun yi wa kabad yawa. Aka turo wata Injiniya, matashiya mai kaifin kai, mai doguwar dunduniyar takalmi, wadda ta yi karatu mai zurfi kan yadda na'ura ke zaƙulo bayanai. Ita da mutanenta suka yi ta ɗaukar hoton katuna suna zubawa a manhaja. Ana cikin haka aka kira Malama hedikwata kwana uku don cike takardun ritaya.

Ranar Litinin ta dawo, ta buɗe tagogi, ta goge kabad, ta durƙusa ta jawo durowar farko ta ƙasa. Wayam! Ta jawo ta biyu, haka. Har ta shida, ko kati ɗaya babu.

Ta samu Injiniya da kai a cikin kwamfuta. "'Yata, katunan ƙasa fa?"

"Au, waɗancan? Ai duk an soke su da jan biro, Mama. Matattu ne. An zuba su a buhu an kai sito, ranar Alhamis motar masu sake sarrafa takarda za ta kwashe."

"Kin juya bayansu kuwa?"

Daidai nan wayar Injiniya ta yi ƙara. Ta ɗaga yatsa alamar tana zuwa, ta fita da wayar a kunne, ba ta dawo kan maganar ba. Malama ta nufi sito, ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Makulli yana wajen Daraktan ɗakin karatun, Darakta kuma ya yi tafiya sai Alhamis. Ta rubuta masa takarda ta tura ta ƙarƙashin ƙofar ofis. A cikin jakarta kati ɗaya tak ya rage, wanda ta daɗe tana alamar shafi da shi.

Kwana ukun nan abinci bai shiga cikinta ba sosai. Maigida ya lura shayinta yana hucewa a kofi. Da ta gaya masa, ya miƙe yana neman takalmi. "Shekara talatin da ɗaya a buhun shara? Bari in je in same su!" Ta riƙo hannun rigarsa. "Zauna, hawan jininka ya ishe mu. Tukuna dai." Ya ce ranar ce karon farko da ya ji ta faɗi kalmar muryarta na rawa.

Alhamis ita ce kuma ranar gwajin na'ura. Darakta ya iso a makare, ya taka takardar Malama a bakin ƙofa bai ma gan ta ba, ya wuce kai tsaye wajen baƙi. Ta yi ƙoƙarin tare shi, ya ce, "Bayan taro, Malama, bayan taro." Masinja kuwa ya karɓi makulli ya buɗe wa masu mota sito. Tana zaune a teburinta tana jin ƙarar buhuna ana jefawa ɗaya-ɗaya a bayan mota.

Injiniya ta buga sunan wani littafi, ya fito nan take. Aka tafa. Ta buga sunan marubuci, littattafansa bakwai suka jeru. Aka sake tafawa, har da Malama. Sai ga wata mata ta kutso cikin taron tana haki, gashin kaji a jikin zanenta. Mai kiwon kaji ce a bayan tasha, ba ta ma san ana taro ba.

"Ina Malama? Kajina ne ke ƙarewa! Goma sha biyu tun jiya!"

Darakta ya ga dama ta samu. "Yauwa! Zo nan, baiwar Allah, faɗa wa na'ura."

"Gyangyaɗi suke yi, suna farin kashi, sun sauke fukafukai."

Injiniya ta buga yadda ta faɗa. Allo ya nuna: BABU SAKAMAKO. Ta sauya kalmomi, babu sakamako. Ta tambayi matar sunan cutar. Matar ta yi mata wani kallo. "'Yar nan, da na san sunanta me zai kawo ni?" Darakta ya fara goge wuya da hankici.

Daga can gefe aka ji muryar Malama, a hankali. "Kanta ta tara, layi na biyu, littafi mai koren bango. Buɗe wajen tsakiya, akwai hoto. Ki duba ki gane, amma ki ware marasa lafiyar yanzu, ki kai biyu wajen likitan dabbobi yau ɗin nan. Littafi ba ya yin allura."

Aka ɗauko littafi, aka buɗe, matar ta dafa ƙirji. "Su ne! Wallahi kamar a gidana aka ɗauki hoton!"

Injiniya ta juyo baki buɗe. "Mama, ya aka yi kika sani?"

"An taɓa tambaya. Na rubuta." Ta zaro katin nan ɗaya daga jaka ta miƙa mata. Injiniya ta ga jan layi a gaba. Malama ta ce, "Juya."

Ta juya. Tambayar bakanike ce, mota mai tari da safe, da kwanan wata na shekara goma sha tara baya, da kanta, da littafi, da shafi. Injiniya ta karanta sau biyu.

"Irin wannan guda nawa ne?"

"Durowa shida."

"Suna ina?"

A waje mota ta yi ham, mai gadi yana jan ƙofar get.

Jama'a, waɗanda suka gani da ido har yau in suna ba da labari sai sun riƙe ciki! Injiniya ta tuɓe takalman nan masu tsini ta watsar, ta zuba a guje ba takalmi tana ihu, "Ku tsayar da motar nan! Ku tsayar!" Darakta ya bi ta da babban tumbinsa bai ma san dalili ba. Direba bai ji ba, ya riga ya sa hancin mota a titi. Bakanike daga garejinsa ya hango Malama a bakin ƙofa tana ɗaga lema tana nuna motar da ita, abin da bai taɓa gani ba. Bai tsaya tambaya ba. Shi da abokan aikinsa biyu suka turo wata matacciyar mota da ko inji babu a cikinta, suka gindaya ta a tsakiyar hanya. Direba ya taka birki, ya leƙo yana zage-zage. Bakanike ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, tari take yi."

Buhu goma sha ɗaya aka sauke, katuna a cakuɗe da tsofaffin jaridu. Injiniya ta zauna dirshan a baranda tana juya su ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba tana dariya. "Mama, ki yafe mini, kin tambaye ni ko na juya bayansu, ban saurare ki ba. Kin san abin da kika yi kuwa? Wannan shi ne abin da masu bincike ke ta fama da shi, yadda na'ura za ta gane tambayar mutum da bakinsa, ba da bakin littafi ba. Mu muna ta taro a kai, ke kin yi shi da fensir!"

Malama ta ce, "Ni dai ba na so mutum ya zo da damuwa ya koma hannu rabbana."

Makonnin da suka rage, ɗakin karatu ya koma kamar gidan biki. Tela ya rufe shago kowace yamma ya zo jera katuna. 'Yar Malama ta fari, wadda nas ce, tana tashi daga aiki take zuwa ta buga su a kwamfuta. Mai kaji, wadda sauran kajinta suka tsira, ta zo tana karanto wa masu bugawa da ƙarfi har ana roƙon ta rage murya. Malama na tsakiya, duk inda fensir ya dushe ita ake kawo wa, ta karanta, sau da yawa har ta faɗi kalar rigar wanda ya yi tambayar. Injiniya kuma ta rubuta maƙala don babban taron ƙwararrun ma'aikatan ɗakunan karatu, ta sa sunan Malama a sama da nata. An gayyace su wata mai zuwa. Maigida tuni ya kai kayansa wajen guga, alhali ba shi aka gayyata ba.

Ranar Juma'a, wajen walimar sallama, bakanike ya buga "mota mai tari da safe" da yatsa ɗaya. Littafin ya fito, da shafinsa. Ɗaki ya ɗauki sowa! Sai Maigida ya ture mutane ya ce shi ma yana da tambaya. Ya zauna, ya daɗe yana neman haruffa, ya buga: "Ina tabarauna?"

Malama ta runtse ido, don ta san abin da allon nan ya saba faɗa. Injiniya ta taɓa kafaɗarta. "Mama, duba."

Ta buɗe ido. A allon an rubuta: TUKUNA DAI. BAR MANA TAMBAYARKA, ZA A NEMA.

Ta sa hannu ta rufe baki. Matar da ba a taɓa ganin hawayenta a wajen aiki ba ta yi kuka har da shessheƙa, tana nuna goshin mijinta, inda tabarau ke zaune tun safe.

Mun gode, Malama. Mun gode da gwiwoyinki, da fensiranki uku, da duk ranar da kika ƙi ce mana babu. Allah ya ba ki lafiyar cin ritaya, ya saka miki da mafificin alheri. Ku kuma da ke zaune a bayan tebur, a ɗakin karatu ne ko asibiti ko ofis, in mutum ya zo muku da tambayar da ba ta cikin takardunku, kada ku yi saurin sallamarsa. Ku rubuta ta yadda ya faɗa, ku nema masa.

Jiya Litinin na bi ta wajen da ƙarfe bakwai da kwata. Injiniya ce ke buɗe tagogi, cikin takalmi marar dunduniya. A kan tebur ga fensir uku, an feƙe su.