Gwaggo Saratu da Akwatin Albasa

Ku da kunka san Gwaggo Saratu, ƙanwar ubana, kun san ba ta shiga cocinmu na Goronyo sai ta gaida kowane benci. Ba mu take gaidawa ba, waɗanda sunka mutu take bi ɗaya-ɗaya, kowa da wurin zamanshi. Wata Lahadi wani baƙo mai sayen albasa ya samu wuri ya zauna, sai ta dafa mishi kafaɗa tac ce ya matsa, bisa cinyar Ishaya yake. Yat tambaye ta ina Ishayan, tac ce ai tun bara anka rufe shi. Bawan Allah nan a tsaye ya ƙare addu'ar Misa, can bakin ƙofa.

Aikin dam ne ya kawo mijinta garin nan. Da ya rasu, ta jira idin miƙa Yesu a Haikali, ranar da ake albarkatar kyandir, ta durƙusa gaban Fada, limamin cocinmu, ta yi alkawarin ba ta sake aure, sauran kwananta na Ubangiji ne. Katikis ɗinmu na lokacin, mai koya muna addini, shi ma matarshi ta rasu, bai ɗauki zancen da gaske ba. Ya sha babbar riga ya je neman aurenta. Tac ce ita ba ta da ta cewa, ya shiga ya tambayi Maigidan, ta nuna mishi gicciye. Ya shiga, ya jima, ya fito.

"Mi yac ce?"

"Bai ce komi ba."

"To bai yarda ba ke nan. A gaida gida."

Dariya muke yi mata, har shekarar da anka turo muna sabon Fada daga Sakkwato, ranar idin nan. Muna riƙe da kyandirori, shina shigowa, sai Gwaggo ta tare shi tac ce ba a barin tsohuwa tsaye. Ya waiga, ba kowa. Tac ce waccan mai ɗingishi da ƙafar hagu, mai jan kallabi, wadda ta biyo shi tun daga mota. Fada ya sake waigawa, har kakin kyandir ya zubo mishi a hannu. Bayan an tashi ya faɗa muna uwarshi ce, kuma ta daɗe da rasuwa a garinsu, inda Gwaggo ba ta taɓa zuwa ba. Ita ko fushinta ɗaya, wai yaro ya zama Fada bai iya ba uwarshi kujera ba.

Ga tattali! Da ta ji katako na ƙara tsada, ta sa kafinta ya yi mata akwatin gawarta tana da ƙarfinta. Don kada ya zauna banza, ta riƙa ajiye albasa ciki. Maƙwabciyarta, Inna A'i matar masunci, in ta zo roƙon albasa sai ta tsaya waje tana salati, Gwaggo ta miƙo mata ta taga.

Idin kyandir na bana ita ta share coci, ta ci tuwonta sarai. Da yamma ta kira ni tac ce in zo da buhu.

"Gwaggo, albasar ba ta yi tsada ba tukuna, mi za a yi da buhu?"

"Kwashe dai, ɗana. Ina son wurin."

Na kwashe ina tsokanarta. Cikin makon nan, da hantsi, Inna A'i ta iske ta zaune bisa tabarma, carbinta a hannu, rai ya yi halinshi. Da anka ɗauko akwatin, duk cocin ya ɗauki warin albasa. Wallahi har yau ban san ko don Gwaggo Fada ya yi hawaye ba, ko albasar ce.

Inna A'i ta raka mu har bakin maƙabarta, ta tsaya tana kuka, ta ƙi komawa sai da anka rufe.

Ya Ubangiji Yesu, baiwarka ta riƙe maka alkawari har ƙarshe. Ka karɓe ta cikin haskenka, ka ba ta hutu. Mu da munka rage, ka ba mu ko kaɗan daga irin amincinta. Amin.